Tsohon Diskin Mai Kamera

In ka tambayi mutanen gidanmu a Gaya aikin da nake yi a Yamai, za su ce maka zaman firiji. Ba su yi ƙarya ba. Ɗaki ne marar taga a ƙasan wani biro, wato ofis, kilim na hura sanyi ba hutawa, ba don ni ba, don injuna. Ni ɗiyar Gaya, wadda ta tashi tana kwana a tsakar gida saboda zafi, sai ga ni da rigar sanyi a tsakiyar bazara. Injunan nan ma'ajiya ne, diski bisa diski a jere cikin akwatunan ƙarfe, kowanne da ƴar fitilarsa mai ƙyaftawa. Abin da ke haɗa su da sauran ordinatar ɗin gidan, wato kwamfutoci, wata waya ce ta gilashi, siririya kamar gashi, haske ke gudu a cikinta maimakon kuran, wato wutar lantarki. Fibir muke ce mata.

Na yi shekaru ina haddar sunayen wannan sana'a. SATA, SAS, fibir canal, LUN, da wasu waɗanda ni kaina in na jera su sai in ji kamar ina kiran aljanu. Akan tura ni taro, in tashi in zuba su ɗaya bayan ɗaya, maza masu karabat a wuya suna ta gyaɗa kai. Rabinsu ba su gane ba, amma sunayen na da kwarjini, kuma ba wanda yake son a ce mace ta faɗi abin da bai sani ba. Sau ɗaya na gwada yi wa Inna bayani. Ta saurare ni har ƙarshe tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "To, ke mai gadin rumbu ce." Na ce haka ne. Ta ce, "Duk wannan karatun lakwal ɗin?" Na ce haka ne. Ta ce Allah ya sa albarka, da irin muryar da ake yi wa mutum jaje.

A shekarar da nake ba da labarinta idon Inna ya fara tafiya. Na hagu ya riga ya mutu ba mu sani ba, don ba ta faɗa wa kowa ba. Na dama ne ya rage. Na kai ta wurin lokotoro, likitan ido, a Dosso ina fatan ya ce yanar ido ce, a kankare a huta. Ya ce ba yana ba ce. Ciwo ne mai cin gani daga gefe-gefe yana matsowa tsakiya, magani na rage masa gudu amma ba ya tsayar da shi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Inna ta yi masa godiya, ta tambayi lafiyar iyalinsa, muka hau kar, motar haya, muka koma gida.

Sai da muka wuce rabin hanya ta yi magana. "Auta," in ji ta, don ni ce ƙaramarta, "wannan sinima da aka ɗauka ranar sunan ɗiyar yayanku, tana ina?"

Na ce me za ta yi da ita.

"Matan unguwa nake so in gani. Da yawa sun rasu."

Matan unguwa! Inna da ba ta taɓa raga wa matan unguwa ba suna raye. Na san abin da take nufi, ita ma ta san na sani. Yayanmu take so ta gani, ɗanta na fari, kafin idon ya rufe. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana ɗauko kaya daga Kwatano ya haye gada ya wuce Yamai. Ina ƙaramar ɗaliba kamiyonsa ya kife a can bayan Paraku ya kama wuta, aka binne shi a can, takardunsa duka suka ƙone tare da shi. Mutum ne da ba ya son hoto, a lokacin kuma salula mai ɗaukar hoto ba ta iso mana ba. Hoton aurensa guda ɗaya matarsa ta tafi da shi da ta sake aure a Kamba, ruwan wata damina ya cinye shi. Ɗiyar da ya bari kuwa, Allah ya ba ta lafiya, ko kunnensa ba ta ɗauko ba, uwarta ce sak. Duk duniya, wuri ɗaya aka ce siffarsa ta rage, cikin bidiyon sunan nan.

Faifan sede ɗin da aka ba mu a lokacin ya daɗe da zama ado a keken wani jikan maƙwabta. Saboda haka na tafi neman wanda ya ɗauka. Abokin Yaya ne, kowa Mai Kamera yake ce masa, ko da yake ya fi shekara goma bai riƙe kamera ba. Salula ta kashe masa sana'a, ya koma noman shinkafa a bakin kogi, shagonsa ya zama wurin cajin waya. Na same shi a ƙofar gida yana shan rake. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya ajiye raken, ya shiga ciki. Sai ga shi da wani ƙunshi a tsohon rawani. Ya kwance, ganyen bedi, wato dalbejiya, busasshe ya zubo. Wai don kada ƙwari su ci. A tsakiya akwai diski, baƙi, mai nauyi, ko tsatsa babu.

"Madam," ya ce, haka yake tsokanata tun da na fara aiki, "duk bikin da aka yi a unguwar nan yana cikin wannan. Ordinatar ɗin tsawa ta kashe ta, na sayar wa ƴan gwangwan, amma na sa aka ciro min wannan. An ce nan ne cikinta."

Na ce ya ba ni in tafi da shi Yamai, kwana biyu in dawo masa da abinsa.

Ya naɗe rawanin. "Ba ya barin Gaya. Ba ya ma barin idona."

"Haba Mai Kamera, ni ce fa."

"Ke ce, amma matan mutane ne a ciki. Suna rawa, wasu ɗankwali ya faɗi. Yau hajiyoyi ne, ɗaya ma matar liman ce. Amana aka ba ni. In ya shiga fibir ɗin nan taku, gobe a gan su a salular yaran tasha, ni za a zo wa."

Na yi masa bayanin cewa fibir ba ta satar kaya da kanta. Ya ce ya yarda, amma diski ba ya barin Gaya. Na ji haushi, wallahi, amma ban iya cewa ya yi laifi ba. Na dubi diskin ta sama, ko juya shi ban yi ba, na ce ai wannan IDE ne, tsohon yayi, akwai ƴar mahaɗar da ake sa masa ya yi magana da kowace ordinatar. Na faɗa da muryar taro. Shi ma ya gyaɗa kai.

Ƙarshen wata na dawo da mahaɗar a jakata, sabuwa dal. Na zauna a kan tabarmarsa, na juya diskin, na kai baki da baki. Bai shiga ba. Na juya ta, bai shiga ba. Na ɗaga diskin zuwa haske na duba da kyau. Bakin nan ƙarami ne, haƙoransa sun fi yawa sun fi matsuwa, ba IDE ba ne ko kusa. SCSI ne, wanda muke kira sikuzi. Ashe ordinatar ɗinsa ba irin ta kowa ba ce. Ta hannu ce da ya sayo a Kwatano, irin wadda masu haɗa fim na Turai suka gama da ita suka zubo mana. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa min ba. Ya ce shi dai ya san inda yake dannawa, bai taɓa tambayarta sunan danginta ba.

Abin dariyar, in akwai mai dariya, shi ne ba abin da na sani a duniya kamar sikuzi. Injunan da nake gadi a Yamai, duk da haskensu da fibir ɗinsu, in suna magana da juna harshen sikuzi suke yi. An dai ɗora shi a kan haske ne, amma kalmomin nasa ne: ba ni wannan, ajiye wancan, kana nan? Wato kakansu ne ke kwance a gabana cikin ganyen bedi. Na iya harshensa, ina koyar da shi ma ga sababbin ma'aikata. Abin da ba ni da shi waya ce mai baki irin nasa da katin da ake soka ta. Kuma a ƙarƙashin titin gudron da ke bayan gidan Mai Kamera fibir ɗin ƙasa ta bi, wadda ta taso daga teku ta haye kogi, tana ɗauke da hotunan abincin mutanen duniya dare da rana. Daga tabarmar nan zuwa ɗakin Inna kuwa, tafiyar da ba ta isa a hau kabu-kabu ba, na rasa abin da zai kai hoto ɗaya.

Daga nan na shiga yawo. Duk wanda ya san kasuwanninmu ya san ba a cewa babu. Ka nuna hoton abin a salula, mai shago ya duba, ya ce akwai, zauna. Ya ɓace, ya dawo da cajar waya. Ka ce ba ita ba ce, ya ce ai duk aikinsu ɗaya. A Yamai haka, a Malanbil haka. Wani ya rantse min cewa sikuzi kamfani ne, kuma ya rufe. Wani direba abokin Yaya ya ɗauki abin da zafi, ya ce ko ƙarƙashin teku take sai ya samo ta a Kwatano. Ya dawo yana murmushi da wayar tsohuwar na'urar buga takarda, an naɗe ta a leda har da kintinkiri. Na karɓa na yi godiya, me zan ce masa? Na nema a intanet, na ga akwai a wata ƙasa mai nisa, aka ce za a aiko, aka aiko, har yau tana hanya.

Damina ta shigo ta fita ina wannan. Duk zuwan da na yi gida sai in tarar idon ya ƙara matsewa. Inna ta fara zuba shayi a gefen kofi. In za ta dube ka sai ta juyo da kanta gaba ɗaya ta neme ka, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ba ta sake tambayata bidiyon ba ko sau ɗaya. Sai dai in na shigo ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata. Wannan kallon ya fi min zagi ciwo. Na fara jin tsoron zuwa gida, ni da ake cewa ba na jin tsoron kowa.

Inda na samu abin kuwa, ban so in faɗa ba, amma ga shi. A biron da nake aiki, bayan ɗakin sanyi, akwai magaza inda ake jibge kayan da suka tsufa. Na shiga neman wani abu dabam, na yi tuntuɓe da wani tsohon sarbar, wato babbar ordinatar da ke yi wa sauran hidima. Ni da kaina na sa aka fitar da shi shekarun baya, har na yi jawabi a kan cewa zamaninsa ya wuce. Na buɗe cikinsa, ga kati, ga waya, ga baki irin wanda nake nema, ƙura kawai ta rufe su. Na zagaye kasuwannin ƙasa biyu, abin yana bayan bangon da nake jingina kullum. Na je wurin shef na ce ina son aron sa. Ya ce in ɗauka, in ma na ga dama kada in dawo da shi, wurin suke so.

Katin ba ya shiga ordinatar ɗin zamani, don haka dole sarbar ɗin gaba ɗaya ya je Gaya. Ƙato ne, sai mutum biyu. A tasha masu lodi suka ce sama za su ɗaure shi, tsakanin buhunan albasa da wani babur. Na ce sai dai su ɗaure ni tare da shi. Muka yi ta yi har direba ya gaji ya ce a sa shi a ciki. Haka na yi tafiyar nan, ƙafafuna a takure, na rungume shi a kowane rami, wata tsohuwa a gefena tana tambayata ko injin ƙanƙara ne. A shingen jandarma aka ce in sauko in faɗi ko mene ne. Na gyara tsayuwa na zuba masa sunaye, tun daga sikuzi har fibir canal. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya gyaɗa kai ya ce mu wuce.

Kafin in huta labari ya zagaye unguwa cewa Auta ta kawo injin da zai nuna matattu. Washegari da hantsi tsakar gidanmu ya cika. Tsofaffin mata sun zo da tabarminsu, wasu don su ga iyayensu, wasu kuma, ina zato, don su tabbatar ba a gan su suna rawa ba. Kuran ya ɗauke kamar an aike shi, aka aro gurup, wato janareta, wurin tela. Mai Kamera ya iso da rawaninsa a hammata, ya sa babbar riga. Na jona komai, na kunna. Sarbar ya yi ruri, diskin ya yi wani ɗan kuka ya fara juyawa, na ji shi a tafin hannuna. Mata suka yi kabbara. Na dubi gilashin da ke nuna hoto, injin ya ce bai ga diski ba.

Na kashe na kunna. Bai gani ba. Na cire na mayar. Bai gani ba. Zufa ta jiƙa min mayafi. Wata gwaggo ta ce ko a yi masa tofi. Can na dubi ƙarshen wayar na gan shi a buɗe, na tuna. Wayar sikuzi sai an toshe ƙarshenta da wani ɗan abu kamar kwalin ashana, tarminatar muke ce masa. In babu shi, magana takan je ƙarshen waya ta dawo tana amsa-kuwa, ta haɗu da mai zuwa, diski ya kasa gane me ake ce masa. Wannan darasin farko ne, ina koya wa yara shi a makon da suka fara aiki. Kuma ɗan abin yana can Yamai, a ƙasan magaza, inda ya faɗi lokacin da muke ɗagawa.

Na tashi na yi wa taro bayani. Ba wanda ya gyaɗa kai a wannan karon. Suka naɗe tabarmi suna cewa ba komai, Allah ya sa rabonmu ne a gaba, kana jin ƴar dariya tana fita ta zaure. Inna ta miƙe. Ta lalubi bango ta koma ɗaki. Na kira wani abokin aiki, ya rarrafa cikin ƙura ya samo shi, ya ba direban kar.

Da abin ya iso ban gaya wa kowa ba sai Mai Kamera. Muka shigar da sarbar ɗakin Inna da rana tsaka, lokacin da unguwa ke barci, muka saki labule. Mu uku ne. Na toshe ƙarshen wayar, na kunna, diskin ya bayyana kamar ba shi ya wahalar da ni ba. Bukukuwa ne birjik a ciki. Mai Kamera ya miƙo yatsa ya nuna namu, ya kuma tsaya a kaina don kada in buɗe na wani.

Na jawo gilashin har gaban fuskar Inna, ta matso har numfashinta na taɓa shi. Aka fara da furanni da ruwa mai gangarowa daga dutse, irin adon da Mai Kamera ke sa wa kowane bidiyo, ko na suna ko na walimar Hajji. Sannan rago. Wallahi ragon nan ya samu lokaci. An ɗauke shi ta gaba, an ɗauke shi ta gefe, an matso da idonsa. Na ce, "Mai Kamera, ragon ne ya haihu?" Ya ce a lokacin haka ake yi, mutane na son a ga abin da suka yanka. Daga rago aka koma tukwane, daga tukwane aka koma takalman da ke ƙofar zaure.

Sai maza. Malamai a jere, ana raba goro da dabino, ana shafa fatiha. Kamera na bin fuska ɗaya bayan ɗaya, Inna na bin ta da kai. Ga Baba, Allah ya jiƙansa, da hularsa a karkace. Ga kawunanmu na Bengu. Ga direbobi abokan Yaya, har da wanda ya kawo min wayar banza, siriri a lokacin. Ga wanzami. Duk fuskar da ta zo sai in ce shi ne, sai ta wuce. Layi ya ƙare, aka sake bin sa daga ɗaya gefen. Ban ga Yaya ba.

A nan abin ya faɗo min. Yarinyar nan ita ce haihuwarsa ta fari. Uban ɗan fari ba ya zama wurin suna a gidanmu. Tun asuba yake ficewa, ya ɓuya wurin abokai har a watse, kada a ce ba shi da kunya. Kowa ya san wannan. Ni na sani, matan da suka cika gidan nan sun sani, direban da ya je Kwatano ya sani. Wata da watanni ana neman waya, ba wanda ya tsaya ya tuna.

Na dubi Mai Kamera. Shi ma ya gane, don ya dafe baki. Ya sunkuyo ya ce min a hankali, "Bakin kogi ya wuni ranar. Ni na kai masa nama da yamma. Kai, innalillahi."

Idon Inna ne ya tafi, kunnenta na nan. Ba ta ɗago daga gilashin ba ta ce, "Ya shigo. Da hantsi ya shigo ɗaukar makullin kamiyo. Ku bar shi ya yi ta tafiya."

Muka bari. Kamera ta shiga cikin gida wurin mata. Sai ga Inna, ta wancan lokacin, zaune a tabarma da jaririya a cinya. Na manta ta taɓa yin ƙiba haka. Tana dariya da dukan bakinta, tana yi wa wata maƙwabciya tsiya a kan ɗaurin ɗankwali, mata na shewa. Can aka ji motsi ta wajen zaure. Inuwar mutum ta faɗo a gefen tabarma, doguwa. Mata suka ɗauki guɗa, wata ta ce, "Ga angon ƙarni! Ku kama shi!" Hoton ya girgiza kamar za a juya, sai ya dawo inda yake.

"Kafaɗata ya dafa," in ji Mai Kamera. "Ya ce in na juyo masa da ita sai ya jefa ta kogi. A bayana yake tsaye, nan daidai."

Duk matan da ke cikin hoton sun ɗaga kai suna kallon wuri ɗaya, kusa da kamera, suna dariya suna nuna shi. Mace ɗaya ce ba ta kalla ba. Tun da inuwar ta faɗo dariyar Inna ta ɗauke. Ta jawo mayafi, ta juyar da fuska ga bango, ta zauna haka kamar yadda ya kamata uwar ɗan fari ta yi a gaban mutane. Aka ji ƙarar makullai. Inuwar ta janye daga tabarma, idanun mata suka raka ta har zaure. Sai da guɗa ta lafa Inna ta juyo, ta ci gaba da maganar ɗankwali.

Sarbar na ta ruri. Tausayinta ya kama ni. Na fara cewa akwai saura a gaba, wataƙila da yamma ya sake shigowa, ko da yake na san ƙarya nake yi.

"Mayar da shi baya," ta ce.

Na mayar. Dariya, motsi a zaure, inuwa, guɗa. Matar da ke cikin hoton ta jawo mayafi ta juya.

"Sake."

Na sake. Wannan karon Inna ta ɗora yatsa a kan gilashin, a kan kafaɗar matar, ta ɗan tura kamar mai tada mai barci.

"Ke," ta ce mata. "Juyo mana. Ga shi nan a gabanki."

Matar na kallon bango.

"Juyo ki dube shi, don Allah. Wa zai kashe ki? Idonki biyu lafiya lau. Ki dube shi!"

Makullai suka yi ƙara, inuwar ta tafi. Mai Kamera ya tashi ya fita waje da sauri, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Inna ta share gilashin da gefen zanenta, inda numfashinta ya dusashe shi, ta gyara zama ta ƙara matsowa.

"Auta, mayar," ta ce.